Yadda mutanen gari za su ƙwato tafkinsu daga kachala, kainuwa da kifin karp

Kachala da kainuwa ba kowane ruwa suke cinyewa ba. Kachala, doguwar ciyawar ruwa mai kauri, tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa da rani, ba ya kuma yin ambaliya mai ƙarfi da damina. Kainuwa tana son ruwa kwantacce mai shan dattin gari. Shi ya sa garin da ya fita gayya ya share tafkinsa tas, amma bai taɓa abin da ya kawo ciyawar ba, bayan wata uku sai ya ga kamar ba a yi komai ba. Karp kuma baƙon kifi ne mai dama lakar tafki, bayaninsa na nan gaba.

Fadamar Haɗeja da Nguru ta isa misali. Da can kogin Haɗeja yana cika da damina ya malala, da rani ya janye ƙasa ta bushe ta tsage, kuma wannan bushewar ce ke hana kachala zama. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma ruwan bai ƙara isa gare su ba, tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana suna faɗa wa gero da shinkafa. Haka ya faru a kogin Senegal bayan an gina madatsar Diama a 1986. Abin da ya faru a waɗannan manyan wurare shi ne ke faruwa a tafkin bayan gari mai faɗin hekta uku ko biyar, sai dai ƙaramin tafki yana da sauƙin ceto.

Ku fara da sanin abin da ke cikin ruwan

Kafin a sayi ko lauje ɗaya, mutum uku ko huɗu su zagaya tafkin a kwale-kwale da dogon sanda wanda aka yi wa zane a kowace santimita 25. Su auna zurfi a wurare da dama, su zana taswirar tafkin a takarda, su nuna inda ruwa ke shigowa, inda yake fita, da inda kowace ciyawa take. Su ɗauki hoto da waya daga wurare huɗu, kuma a kafa turke a kowane wuri domin nan gaba a riƙa ɗaukar hoton daga daidai inda aka tsaya. In ba a yi haka ba, bayan shekara za a yi ta gardama kan ko aikin ya yi amfani, babu mai hujja.

Sai a rarrabe ciyayin, don ba duka ne abokan gaba ba. Bado abinci ne, kuma inuwarsa mafakar ƙananan kifaye ce. Burugu abincin shanu ne mai daraja. Jema tana riƙe gaɓa. Waɗannan a bar su. Kainuwa iri biyu ce. Akwai tamu ta da, mai ganye kamar latas, mai gashi-gashi. Akwai baƙuwa mai ganye mai sheƙi, da kumburi a ƙasan ganyen kamar ƙululu, da fure mai launin shuɗi-shuɗi. Wannan baƙuwar daga Kudancin Amurka ta fito, an fara ganinta a Nijeriya a 1984 a ruwan Badagry, daga baya ta bayyana a kogin Kwara, ta addabi masuntan Yamai da na tafkin Kainji. Ita ce mafi haɗari, domin a ruwa mai taki takan ninka yawanta cikin kamar mako biyu. Ku yi lissafin da kanku: in yau ta rufe kashi 10 cikin ɗari na tafkin, bayan mako biyu 20, bayan huɗu 40, bayan shida 80.

Akwai awo biyu na ruwan kansa, ba sa cin kuɗi. Na farko, a samu murfin roba mai faɗin santimita 20, a shafa masa fenti baƙi da fari, a ɗaura masa dutse da igiya, a riƙa sauke shi cikin ruwa da tsakar rana har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar da ta jiƙe. In bai kai santimita 30 ba, hasken rana ba ya isa ƙasa yadda ciyawa mai amfani za ta tsiro. Na biyu, a cika kwalba da ruwan tafkin a ajiye kwana uku ba a taɓa ba. In laka ta kwanta ruwan ya washe, to wani abu ne ke dama tafkin, ko kifi ko shanu ko iska. In ruwan ya tsaya kore, gansakuka ce, wato taki ya yi yawa.

Kwamiti da izini

Wanda ba a zauna da shi ba shi ne zai rushe aikin, ko da bai yi niyya ba. A zaman farko a tabbata akwai mai unguwa ko dagaci, da sarkin ruwa, da sarkin noma saboda masu lambu, da arɗo saboda mashaya, da wakiliyar mata masu wanki da masu suyar kifi, da shugaban matasa tunda su ne za su shiga ruwan. In tafkin madatsa ce ta gwamnati, a nemi izini a rubuce daga hukumar da ke da ita, musamman in ana son rage ruwa ko ƙara shi. A Nijar a sanar da ma'aikatan gandun daji da ruwa.

A buɗe littafi ɗaya na kuɗi, ɗaya na aiki, a hannun mutum biyu daban. Kuɗin da ya fi ɗorewa shi ne wanda tafkin da kansa ya samar: wani kaso daga kamun kifi, ɗan abin da masu injin ban-ruwa za su riƙa bayarwa kowane wata, da cinikin takin da za a yi da ciyawar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ko masu tallafi sun fi saurin taimaka wa garin da ya nuna musu littafin aikin shekara guda.

Yankan kachala

Nan ne aka fi yin asarar ƙarfi, don haka a nan za mu daɗe.

Ran kachala ba a ganyenta yake ba, yana cikin saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance cikin laka. Babu iska a cikin lakar, don haka saiwar da ganye take numfashi. In ka tsaga ganyen za ka ga ramuka kamar soso, ta nan iska ke sauka ƙasa. Ko busasshen kara in yana tsaye sama da ruwa yana aika iskar. Wanda ya sare kachala a saman ruwa aski kawai ya yi mata. Wanda ya sa mata wuta ya ƙone busasshen ganyen da ke tare mata haske, ya bar mata toka, za ta dawo ta fi da kauri. Abin da ke kashe ta shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen ya daɗe a kai, saiwar ta shaƙe.

A yanke aƙalla santimita 15 zuwa 20 ƙasa da fuskar ruwa, in an samu 30 ya fi. A yanke duka, ɗanye da busasshe, kada a bar tsibiri a tsakiyar inda aka share, domin saiwoyin a haɗe suke, kuma 'yan karan da aka bari za su ci gaba da shayar da maƙwabtansu iska. Saboda wannan dalilin gara a gama ƙaramin yanki tas da a taɓa ko'ina sama-sama.

Lokacin yanka ya fi kaifin lauje muhimmanci, kuma abu biyu ake dubawa. Na ɗaya, a yanka lokacin da ruwa yake tsaye ko yake hauhawa. In aka yanka da kaka ruwa yana janyewa, bayan kwana goma kututturen zai fito sarari ya sha iska, aikin ya tashi a banza. A tafkin da ruwan sama ke cikawa, lokacin da ya fi shi ne ƙarshen bazara zuwa farkon damina: ruwa ya yi ƙasa, ana iya kaiwa gindin ciyawar a tsaye, sannan ruwan damina ya zo ya binne kututturen. A madatsa mai ƙofa, a rage ruwa, a yanka, a rufe ƙofa. Na biyu, a dubi ciyawar kanta. Lokacin da ta fara fitar da kai, yana kore bai yi ja ba tukuna, ta kwashe yawancin abincin da ta tara a saiwa ta kai sama, don haka a lokacin ta fi rauni. Kuma yanka kafin kan ya nuna yana hana iri bazuwa, ga shi kai ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayar iri sama da 200,000, iska ce ke raba su.

Yanka ɗaya ba ya isa. Bayan mako uku zuwa huɗu za a ga sabon toho ya huda ruwa, kuma da zarar ya fito saiwar ta samu numfashi. A koma a sake yankewa, sannan a koma karo na uku. Yanka na biyu da na uku ba su kai rabin wahalar na farko ba, tohon yana da laushi, amma su ne ake yawan bari saboda an gaji ko kuma aikin gona ya taso. Kwamiti ya sa ranakunsu tun kafin a fara na farko, ya kuma ware musu kuɗin abinci.

Kayan aiki su ne lauje mai dogon ƙota, adda, manjagara da igiya. A jera masu yanka a sahu ɗaya, tsakanin mutum da mutum kamar mita biyu, a fara daga ɓangaren ruwa mai zurfi ana nufo gaɓa. Bayansu masu ɗaure dami, sai masu ja zuwa tudu. Kada a bar abin da aka yanka yana yawo a ruwa.

Inda gaɓa ke bushewa da rani akwai wata hanyar. A bari ƙasa ta bushe sosai, a ƙone, sannan a yi huɗa mai zurfi da garmar shanu ko tarakta, a birkito saiwar ta sha ranar bazara, a tsince a tara. Abin da ke ɓata wannan hanyar shi ne danshi: in ƙasa ba ta bushe ba, kowane guntun saiwa da garma ta yanka sabuwar shuka ce. Haka kuma laka mai danshi wadda ruwa ya janye daga kanta ita ce gadon da irin kachala ya fi so, don haka duk inda aka share a riƙa dubawa ana cire 'yan tsiro da hannu tun suna kamar albasa.

Wurin da aka share kada a bar shi fili. A dasa burugu, kamar yadda makiyaya ke yi a fadamun Mali: a yanko kara mai gaɓa biyu ko uku, a soka a laka yayin da ruwa ke hauhawa, a hana dabbobi shiga har ya kama. A ra'ayinmu kuma bai kamata a kawar da kachala gaba ɗaya ba. Ɗan yanki a bakin inda ruwan gari ke shigowa yana tace laka da datti kafin su isa tafkin, yana kuma ba masu saƙar tabarma da masu jinka abin aiki. A yi masa iyaka da turaku, duk abin da ya tsallake a yanke. A Senegal da Muritaniya har gawayin girki ake yi da busasshiyar kachala.

Kwashe kainuwa

Kainuwa ba ta da saiwa a ƙasa, iska ce ke kora ta, don haka da iska ake kama ta. A lura da gaɓar da iska ke tara ta, a can za a kafa wurin fitarwa. A samu igiya mai kauri, a ɗaura mata jarkoki marasa komai a kowace mita ɗaya ko biyu, a rataya tsohuwar raga mai zurfin kamar rabin mita a ƙasanta. Kwale-kwale biyu su kewaye wani yanki da igiyar, mutanen gaɓa su ja, masu manjagara su fitar. Kada a kewaye da yawa, domin nauyinta ya wuce yadda ido ke gani. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, kuma inda ta yi kauri hekta ɗaya tana haura tan 200. A ranar farko a auna yawan filin da ƙungiya ta iya sharewa, a kwatanta da yadda ciyawar ke ninkawa. In ana kwashe ƙasa da abin da ke tsirowa, to a raba tafkin gida-gida da irin wannan igiyar, a gama gida ɗaya a tsare shi, sannan a shiga na gaba.

Irin wannan igiyar a kafa ta dindindin a bakin rafin da ke shigowa, a sa mai kwashe abin da ta tare kowane mako.

Abin da aka fitar a kai shi sama da inda ruwa ke kaiwa a cikar damina, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi. A baza shi kwana biyu ko uku ya yi yaushi, sannan a jera shi hawa-hawa da kashin dabbobi da ɗan toka, a riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki. Amma in tafkin yana karɓar ruwan masana'anta ko na majema, kamar ruwan da ke bin kogin Jakara a Kano, kada a kai takin lambun kayan miya, kada kuma a ba dabbobi ciyawar, domin kainuwa tana zuƙar gubar ƙarfe ta riƙe a jikinta.

Ƙwayar irin baƙuwar kainuwa tana iya kwana cikin laka fiye da shekara 20. Saboda haka bayan an share, a sa mutum biyu su riƙa zagaya tafkin a kwale-kwale sau ɗaya a mako, suna leƙa lungu da cikin kachala, suna tsince duk wadda suka gani. Aikin awa ɗaya ne in an riƙe shi.

Akwai ƙwari iri biyu na jinsin Neochetina waɗanda ba sa cin komai sai wannan kainuwar, su ne suka taimaka wajen karya ta a tafkin Victoria na Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1990. Aikinsu a hankali yake, shekara uku zuwa biyar, kuma ba sa gamawa da ita, raunana ta suke yi. Ku duba ganyen: in akwai ƙananan tabo kamar an kankare da farce, ƙwarin sun riga sun iso. In babu, a tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa. Kada a fesa maganin ƙwari kusa da ruwan.

Maganin feshi

Shawararmu ita ce a tafkin da mutane da dabbobi ke sha kada a fesa. Maganin ciyawar da ake sayarwa don gona yana ɗauke da sinadarin da ke sa shi manne wa ganye, kuma wannan sinadarin yana kashe kifi da talibambam. Ko da an samu wanda aka yi don ruwa, akwai haɗari na biyu. Ciyawar da ta mutu tana nutsewa ta ruɓe, ruɓewar tana cinye iskar da ke cikin ruwa, sai a wayi gari kifi ya taso yana haki, kafin hantsi ya mutu. Da asuba abin ke faruwa, domin a lokacin iskar ruwa ta fi ƙaranci. In dole ta sa, ma'aikacin gona mai horo ne zai yi, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na tafkin a lokaci guda, a jira mako biyu kafin a taɓa na gaba, a kuma yi shela a masallaci da kasuwa game da kwanakin da ba a ɗiban ruwa.

Kifin karp

A kasuwannin Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci, karfasa ake kira karp. Ba ita ake nufi a nan ba. Wanda ake nufi baƙon kifi ne daga Turai da Asiya, mai manyan ɓawo, da dogon ƙaya a gadon baya, da gajerun gashin baki guda huɗu, da baki mai miƙewa ƙasa kamar bututu. An kawo shi gonar kifi ta Panyam a Filato a shekarun 1950, kuma har yanzu masu kiwo suna samun 'ya'yansa. A kududdufin kiwo kifi ne mai kyau. A tafkin gari ɓarna yake yi, saboda yadda yake cin abinci: yana zuƙar laka, ya tace tsutsa, ya furzar da sauran. Da haka yake tumɓuke ciyawar ƙarƙashin ruwa, ya dama ruwan, ya tayar da takin da ya kwanta, gansakuka da kainuwa su samu abinci. Karfasa kuma a ƙasa take haƙa gurbin ƙwai, laka ta rufe mata. A tafkin Naivasha na Kenya, karp ya shiga wajen 1999, cikin kamar shekara goma ya zama mafi yawan abin da masunta ke kamawa.

Don haka doka ta farko: kada kowa ya zuba kifi a tafkin gari sai da sanin kwamiti, kuma masu kududdufin kiwo a sama da tafkin su sa raga a mafitar ruwansu, su ɗaga gaɓa yadda ambaliya ba za ta tsallake ba.

In ana zargin ya riga ya shiga, a gwada. A kewaye fili mita biyu da mita biyu da ragar waya a ruwa mai zurfin gwiwa, a soka ragar cikin laka sosai. In bayan wata biyu ciyawa ta tsiro a ciki babu a waje, kifi ne ke hanawa. Sai a ƙidaya shi. A kama wasu, a ɗan yanke gefen ƙayar wutsiya don alama, a sake su. Bayan mako guda a sake kamu. A ninka adadin waɗanda aka yi wa alama da adadin kamu na biyu, a raba da adadin masu alamar da suka sake faɗowa. Misali an yi wa 60 alama, kamu na biyu ya ba da 80, 12 daga ciki masu alama ne: 60 sau 80 a raba da 12, kifi 400 ke nan. In kowane ya kai kilo ɗaya da rabi, kilo 600, a tafki mai hekta 4 ya zama kilo 150 a kowace hekta. Binciken da aka yi a tafkunan Minnesota ta Amurka ya nuna ɓarnar tana bayyana sosai in nauyin karp ya kai wajen kilo 100 a hekta. Burin shi ne a sauko ƙasa da haka a zauna a can, domin ƙarar da shi gaba ɗaya abu ne mai wuya: a tafkin Sorell na Tasmaniya a Ostireliya an gano shi a 1995, aka shafe fiye da shekara 25 ana fama.

Karp yana da kwaɗayi kuma yana koyon wuri. A zaɓi gaɓa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa marar kututture, a riƙa zuba jiƙaƙƙiyar masara a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum da yamma, kwana bakwai zuwa goma. A riƙa duba da safe: in masarar tana ƙarewa a ƙara yawanta. Daren da za a yi kamu a kewaye wurin da taru shiru, ba buga kwale-kwale, a tabbata dalmar ƙasan tarun ta kwanta a laka, domin ta ƙasa yake kuɓucewa. Wanda ya tsira sau ɗaya yana gudun raga, saboda haka kamu babba sau biyu ko uku ya fi ƙanana kullum. A mayar da karfasa da sauran kifin gida, a sayar da karp ko a banda shi.

Kamun manya kaɗai ba ya isa, tunda babbar mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwan dubbai. A ciyawar da sabon ruwa ya rufe yake zuba su, ana jin fantsamarsa da sassafe. In akwai fadama ko rafin da yake shiga don haka, a tare bakin da shingen sanduna masu tazarar da babban kifi ba zai wuce ba, a sa gura a jikin shingen. A kuma kiyaye kifayen gida masu cin ƙwai da 'ya'ya, irin su tarwaɗa, ta hanyar hana raga mai ƙananan ido. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta Nijeriya ta 1992 ta sa ƙaramin idon raga a milimita 76, wato inci uku, ta kuma haramta guba da nakiya da lantarki. Zuba guba don kashe karp yana kashe komai, ya bar tafkin ga wanda ya fi saurin hayayyafa.

Akwai wani ɗan'uwansa mai cin ciyawa, marar gashin baki, wanda wasu ke ba da shawarar a zuba don ya cinye ciyayi. Ciyawa mai laushi ta ƙarƙashin ruwa yake so, kachala da kainuwa sai in ya rasa komai. A tafkin Conroe na Texas ta Amurka an zuba kifi 270,000 a 1981 da 1982, suka cinye ciyawar tafkin ƙarƙaf. Ga matsalar kachala da kainuwa ba shi ne magani ba.

Abin da ke shigowa daga tudu

A bi kowace kwata da ke zuba a tafkin. A bakin kowace a haƙa ramin tare laka, a riƙa yashe shi kafin damina da bayanta. A dasa jema layi biyu ko uku a gicciye, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, a bar tazarar mita 5 zuwa 10 daga bakin ruwa ba noma. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga ruwa. A gina wa masu wanki dakali a tudu wanda ruwansa ke zuba a rami mai tsakuwa. A keɓe wa shanu mashaya ɗaya ko biyu, a shimfiɗa dutse, maimakon su shiga ta ko'ina suna dama laka suna kashi a ciki. Masu lambu su daina watsa takin zamani a bakin ruwa, su riƙa binne shi a gindin shuka.

Lafiyar masu shiga ruwa

Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a jikin waɗannan ciyayin yake zama, kuma tsutsar tana fitowa ruwa ne galibi daga hantsi zuwa azahar. A fara aiki da sassafe a fito kafin rana ta take. A sa takalmin roba dogo da safar hannu, a goge jiki da tawul da zarar an fito, a yi wanka da sabulu. Yara kada su shiga. A shirya da asibitin gari a ba ma'aikatan maganin praziquantel kamar wata biyu bayan aiki, tunda ba ya kama tsutsar tana ƙarama, kuma duk wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti ba jira. A riƙa buga kachala da sanda kafin a shiga saboda maciji. Kada kowa ya taka saman kainuwa ko ya nutsa ƙarƙashinta, domin wanda ya shiga ƙasanta ba ya ganin mafita. Duk mai aiki a ruwan da ya wuce ƙugu a ɗaura masa igiya, mutum ɗaya a gaɓa yana riƙe da ita, ba shi da wani aiki sai wannan.